Daga Nima zuwa ƙwanƙolin Tubkal

Ziyarar Fas ce ta fitar da ni daga Accra. Mu mutanen Nima idan an ambaci Maroko, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ce ke zuwa mana a rai: a yi ziyara, a sayo jallabiya da carbi, a juyo gida. Ɗan yayata da ke karatu a Marrakesh shi ya ƙara mini wata tafiyar a kai. Ina cikin shiri ya bugo waya ya ce, "Kawu, ka leƙa Kantamanto ka nemo rigar sanyi mai kauri da safar hannu, akwai inda zan kai ka." Haka na shiga layin gwanjo cikin zafin Fabrairu ina gwada rigar da aka ɗinka don hunturun Turai, gumi na zuba, mai kaya na ta dariya.

Da na gama ziyara na hau jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, daga can muka shiga tasi ta bi da mu ta Asni zuwa Imlil, ƙauyen da ake fara hawan Tubkal. A hanya har yanzu ana ganin gidajen da girgizar ƙasar Satumban 2023 ta rushe, wadda ta kashe mutane kusan 3,000. Tubkal shi ne dutse mafi tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Afadjato da muke alfahari da shi a Ghana mita 885 ake cewa yana da shi, Imlil kuwa, inda ake ɗaura takalmi a soma tafiya, ya ninka shi. Tun bayan kisan wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido a 2018 ba a barin kowa ya hau sai da ɗan jagora, jandarmomi kuma na duba fasfo a hanya. Namu jagoran Ba'amazige ne, wato ɗan asalin ƙabilar tsaunukan nan, siriri, ba ya son yawan magana. Ya ba mu hayar ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, da ɗan gatarin ƙanƙara.

A tsakiyar hanya akwai Sidi Shamharush, wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa, mutanen yankin na cewa wurin sarkin aljanu ne, suna kai masu taɓin iska neman sauƙi. Na sha shayin na'ana'a a gefen rafi na wuce, don ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Gaba kaɗan dusar ƙanƙara ta rufe hanya, alfadarai suka tsaya, 'yan dako suka saɓa kaya a baya. Su ne suka fi ba ni mamaki a duk tafiyar. Mutum da tukunyar gas a gadon baya da takalmin da ya ji jiki zai wuce ka yana amsa waya, kai kana tsaye kana neman numfashi.

Masaukin masu hawa yana wajen mita 3,200. Ruwan alwala kamar zai yanke yatsu, sai jagoran ya miƙo mini wani sumul ɗin dutse na yi taimama, muka yi sallar ƙasaru. Da dare barci ya ƙi zuwa. Sanyi ana maganinsa da bargo, amma iskar ce ba ta ƙosar da ƙirji. A mita 4,000 abin da mutum ke shaƙa wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da yake samu a bakin teku, ni kuwa ɗan bakin teku ne. Kai na sarawa, zuciya na bugu ko ina kwance. Jagoran ya ce in yi ta shan ruwa, in kuma na fara amai ko tangaɗi to ƙasa za mu yi, babu jayayya.

Kafin asuba muka fita da tocila a goshi. Tare da mu akwai wasu Faransawa da Sifaniyawa masu allunan zamiya a ƙafa, ina ta kallonsu don ban ga yadda abin da aka yi don gangara zai hau tudu ba. Ashe wani ƙyalle mai gashi suke mannawa a ƙarƙashin allon, gashin ya kwanta gefe guda kamar na bayan akuya: ka shafa ta gaba ya yi santsi, ka shafa ta baya ya miƙe. Allon zai zame gaba, amma ba zai koma baya ba. Diddigen takalminsu a sake yake, yatsu kawai aka maƙale, suna jan ƙafa ba sa ɗagawa, suna hawa a karkace, su juya, su sake karkacewa. Kowannensu da 'yar na'ura a ƙirji mai aika sigina, da shebur a jaka, don in dusar ta zaftare ta binne wani a gano inda yake cikin mintuna. Wannan ne ya sa na daina yi musu kallon masu wasa.

Ni dai taku goma, tsayawa. Ɗan yayata na gaba yana waiwaye, "Kawu, sannu, saura ƙiris," ƙiris ɗin da ya ci fiye da awa. Da muka fito kan doron dutsen iska ta taso har sai da na durƙusa. A ƙwanƙoli akwai wata dalar ƙarfe da aka kafa. Ta arewa tsaunuka fari fat, ta kudu ƙasa ta yi jajir ta nufi Sahara, hamadar da ayarin raƙuma ke ratsawa a da tsakanin Maroko da ƙasashenmu. Na so in daɗe, yatsuna suka ƙi. Na yi hamdala, aka ɗauke mu hoto, muka juya.

Saukowa ce ta gwada mini amfanin allunan nan. Mutanen suka ɓare ƙyallen suka cusa a jaka, suka kulle diddige, suka zuba cikin kwarin suna lanƙwasa hagu da dama, kafin in gyara igiyar takalmi sun zama ɗigo-ɗigo a ƙasa. Ni na sauko da ƙafa, gwiwoyi na rawa, ƙarafan na kama bakin wando. Sai azahar na iso masauki, na tarar sun ci tajin, dahuwar nama da kayan lambu ta Maroko, sun shanya safa a rana. Ɗan yayata har ya shiga cikinsu yana tambayar kuɗin hayar alluna da na mai koyarwa don baɗi. Na ce masa ya fara samun izinin uwarsa tukuna, don ni ba zan kai mata wannan maganar a Nima ba.