Mako Na Bakwai: Zakanyar Ninawa Ta Ƙi Ba Ni Ƙafafunta Na Baya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon sassaƙa. Allo na uku ke nan na zuba, biyun farko suna bayan ɗaki sun zama abin wasan yara.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, abin da nake kwaikwayo hoton wata zakanya ce da aka harba, wani yanki na sassaƙen farautar zakuna na Sarki Ashurbanipal na Assuriya, wanda aka yi wajen shekara ta 645 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a bangon fadarsa da ke Ninawa, garin mutanen Annabi Yunus (AS), daura da Mosul ta Iraƙi a yau. Hormuzd Rassam, ɗan asalin Mosul ɗin, shi ya tono allunan a 1853, yanzu kuma suna gidan tarihin Birtaniya a Landan. Ni dai hoto kawai nake bi.

Dutsen da suka yi aiki da shi dangin farar hodar nan ne ta POP da ake yin silin da ita, shi ya sa na zaɓe ta. A allo na farko ruwa na zuba kan hoda, iska ta maƙale, rami ya ɓullo daidai idon zakanyar. Hodar ake barbaɗawa cikin ruwa, a zuba a akwatin katako kaurin yatsa biyu, a bubbuga gefe. Washegari kuma a fara yanka tun da sauran danshi.

Na biyun ni na kashe shi da hannuna. Na yi ta haƙa don dabbar ta taso sosai, sai ta koma kamar kyanwar da ke miƙa bayan barci. Su masu aikin asali ba su zurfafa ba, layin gefe da inuwa suka bar wa aikin. Yanzu da daddare nake dubawa, in kashe fitila, in haska tocila daga gefe. Duk inda wuƙa ta zarce sai ya tona kansa.

Wahalar tana ƙugu. Kibau uku ne a jikinta, gadon bayanta ya mutu, tana jan ƙafafun baya a ƙasa kamar tsumma, amma na gaba a miƙe suke, jijiyoyi a tashe, baki buɗe tana ruri. Rabin jiki mai rai, rabi matacce, a layi guda! Kwana huɗu na yi kan cinya ɗaya kafin na gane cewa laifina gyara ne ya yi yawa: ina yi wa ƙafar baya tsoka irin ta gaba, alhali sakinta ya kamata in yi.

Wani abu da na lura ina ta kallon sauran hotunan: fuskar sarki ɗaya ce ko'ina, ko a keken doki yake ko a ƙasa, gemu a tsefe, ko gezau. Zakunan kuwa kowanne da irin mutuwarsa, wani har aman jini yake yi. A ganina wanda ya sassaƙa su ya tsaya ya kalli zaki da idonsa. Kuma da mafarautanmu za su gani, da wuya su kira wannan farauta: daga keji ake sako zakunan, wani ɗan ƙaramin mutum na bisa yana ɗaga ƙofa daga cikin nasa ɗan kejin, sojoji sun kewaye filin da garkuwa, ga masu karnuka.

Saura kibau da yatsun dagi. Bakin ƙaramar wuƙata ya yi faɗi, don haka na daddaƙe ƙusa na wasa ta a dutse, gobe in Allah ya kai mu zan gwada. Wanda ya san abin da ake shafa wa allon ya daina barin fari a hannu ba tare da ya yi ƙyalli ba, don Allah ya taimaka min.