Talata, ranar da jakar fitsari ta koya min darasi

Ƙafafuna kamar ba nawa ba wallahi. Tun bakwai na safe muke ɗakin tiyata, bawul ɗin zuciya aka canja wa wata yarinya, irin lalacewar nan da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun ana ƙanana. Ni dai ina bayan injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu lokacin tiyata, kusa da oga tunda har yanzu koyo nake.

An ba ta hefarin, maganin hana jini daskarewa, muka jira gwajin daskarewar jini ya haura sakan 480 sannan aka hau inji, likita ya tsayar da zuciya da ruwan fotashiyam mai sanyi, shi ke nan famfonmu ne zuciyarta kuma shi ne huhunta.

Can wajen minti 40 ina ta jin daɗi matsakaicin matsin jini na zaune a 65 yadda ake so, sai oga ya nuna min jakar fitsari da baki. Ko ɗigo babu. Gwaji ya dawo laktet na hawa, sinadarin da ke taruwa a jini idan iskar oksijin ba ta isar sassan jiki. Ya ce, ka taɓa ban ruwa a lambu? Babbar kwata sai ta cika taf amma ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa gindin tumatir a bushe, to haka ƙananan jijiyoyin jini suke, sirara ne har jajayen ƙwayoyin jini sai dai su bi layi ɗaya bayan ɗaya, kuma monita ba ya ganin su. Ni da har na fara tunanin a ƙara maganin ɗaga matsi, ashe ƙara shaƙe su zai yi. Kunya ta kama ni.

Matsalar ita ce yarinyar ba ta da jiki, ruwan da muka cika bututun inji da shi ya tsinka jininta, kason jajayen ƙwayoyi a cikinsa ya sauko 22 cikin ɗari, iskar oksijin ba ta isa ƙoda. Oga ya ƙara gudun famfo daga lita 2.2 zuwa 2.6 a minti kan kowace murabba'in mita ta jikinta, muka tace ruwan da ya yi yawa, aka sa leda ɗaya ta jini. Ban taɓa zaton zan yi murnar ganin fitsarin wani ba sai yau, da ya fara ɗiga a bututu har hamdala na yi a fili.

Da aka cire abin da aka matse babbar jijiyar zuciya da shi lokacin aikin, zuciyar ta motsa da kanta. Sai bayan la'asar na samu na ci shinkafar da ta riga ta huce.