Wanda ya tambayi rudu shi nake tara wa albasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayen albasa a Galmi da Madawa, ina lodi daga jihar Tawa zuwa Yamai, wani lokacin har Akara da Abijan. Mu takwas ne a harkar, har da mai gadin mangaza. Duk lokacin cira, kamfanoni kan zo neman mai tara musu kaya, kuma kowanne cewa yake yi so yake ya faɗaɗa. Faɗa ba ta da wuya. Ni kuwa dole in gane mai gaskiya, domin in na ɗaura jarina ga wanda bai shirya girma ba, tare za mu tsaya.

Tambayar farko nake saurare. Wanda ya fara da "Elhaji, nawa buhu yau?" kasuwar yau kaɗai ya zo ci. Wani kuwa sai ya ce in kai shi ya ga rudu, wato rumbun gargajiya da ake ajiye albasa a ciki. Ya sunkuya ya shiga, ya ɗauki albasa ya danna wuyanta ya ji ko ta bushe, ya shinshina, sannan ya tambayi buhu nawa ke ruɓe mana kafin Satumba. Wannan ya san inda kuɗin yake. A Maris da Afrilu kowa na cira, albasar Galmi ta cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Daga ƙarshen damina ne take tsada, amma kafin nan zafi da laima sun ci rabonsu a cikin rudu. Kamfanin da ke son girma da gaske, a kan wannan asarar yake zuba kuɗi: mangaza mai shan iska, buhun raga, da bashin iri ga manomi tun kafin dashe.

Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ya ƙara buɗe mini ido. Da gadar Gaya, ta iyakar Nijar da Benin, ta rufe, wani kamfani da ya cika ni da takardu da alkawarin ninka oda ya daina ɗaga waya, ya bar ni da kamiyo biyu cike a rana. Har yau in na tuna warin nan raina ɓaci yake. Wani kamfanin kuma, wanda ofishinsa ɗaki guda ne, shi ya bi ya nemo direbobin da suka san hanyar Burkina, muka raba kuɗin mota, kuma bai jinkirta mini ko dala ba.

Ina kuma duba ko suna koya wa yaransu aiki, ko komai sai maigida ya dawo daga tafiya.

Bana masu ɗaki gudan nan sun turo mini wani saurayi da sikeli da littafi. Zai zauna da mu tun daga dashen Nuwamba, yana rubuta abin da kowace fadama ta bayar. Na ba shi ɗakin da ke jikin mangaza.