Ƙugiyar baƙi: abin da Baba mai zane ya bar mana

Allah ya yi wa Baba mai zane rasuwa, an kai shi makwancinsa a Agege ta Legas, unguwar da ya yi yawancin rayuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalansa haƙurin rashi. Duk wanda ya zauna a gaban teburinsa ya san ba mai son yabo ba ne, don haka gara a rubuta aikin kansa, yadda ya koyar da shi, tun ba a manta ba. Legas ta daɗe da masu zane, tun a 1944 Akinola Lasekan yake wa jaridar West African Pilot zanen siyasa. Amma masu zana labari shafi bayan shafi, su sa wa mutanen ciki magana da Hausa, ba su taɓa yawa a garin nan ba, Baba kuwa yana cikin 'yan kaɗan ɗin.

Darasin da ya fi nanata wa almajiransa daga wani aiki ya fito, wanda ya ci shi har ƙarshen ransa. Wani kamfanin talla ne ya ba shi ɗan littafin wayar da kai a kan rigakafi, shafi 16, don a raba wa 'yan kasuwa da iyalansu a Mile 12, Idi-Araba da Agege. Ya zana, ya sa tawada, ya rubuta maganar kowane mutum da hannu a cikin kumfarta, wato da'irar da ake sa magana a ciki, kamar yadda ya saba. Lokacin nan ne kwamfuta ta fara korar masu rubutun hannu daga Shomolu, unguwar masu maɗaba'a a Legas. Ogan kamfanin, wanda ba ya jin Hausa ko ta sannu, ya ce rubutun hannu tsohon yayi ne, a maye gurbinsa da bugun na'ura. Baba bai yi gardama ba, sharaɗi ɗaya ya kafa: a nuna masa gwaji kafin a ƙona faranti, wato a sauke aikin a kan farantin da injin ke bugawa da shi. Aka ce babu lokaci.

Ga yadda abin ya lalace, domin har gobe yana faruwa. An buga rubutun a kwamfutar ofis da salon baƙin da ke ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Da aka kai fayil ɗin maɗaba'a, kwamfutarsu ba ta da wannan salon, sai ta musanya shi da wani, duk inda baƙi mai ƙugiya yake ya zama ɗan akwati fanko. Yaron da ke kan na'ura ya ga akwatuna, ya ɗauka datti ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cike da b, d da k. A shafin da ya fi muhimmanci, wata uwa ce take ƙaryata jita-jitar da maƙwabciyarta ta kawo a kan allura, ta ɗaga yatsa tana cewa “Wannan ƙarya ce.” Aka buga “Wannan karya ce,” yatsan kuwa yana nuna matar. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayani. Littafin da aka yi don a jawo hankalin iyaye mata ya koma zagi a bakin mai sanye da hijabi, sunan Baba kuma a bango. Aka janye kwafin, aka riƙe masa ragowar kuɗinsa wai kuskuren Hausa na mai Hausa ne, asalin zanen ma ba a mayar masa ba. Ogan bai taɓa ba shi haƙuri ba. Dattawan unguwa da suka ga littafin, Baba suka tara da tambaya a ƙofar masallaci.

Daga nan ya kafa ƙa'idar da ba ya sassauta wa kowa. Kada fayil ya bar hannunka da rubutu a matsayin rubutu. A manhajar zane ta CorelDraw, wadda yawancin masu buga aiki a Shomolu suke amfani da ita, ka zaɓi dukan rubutun ka danna Ctrl da Q, ya koma zane, ta yadda babu kwamfutar da za ta iya musanya shi. Amma ka ajiye kwafi na biyu da ba a mayar ba, domin da zarar ya koma zane ba ya gyaruwa. Sannan ka karɓi gwaji a kan takarda, ba a fuskar waya ba. Ka karanta da ƙarfi, ka ba wani Bahaushe da bai san labarin ba ya sake karantawa, saboda idon wanda ya rubuta yana ganin ƙugiya ko da babu ita. Ka sa hannu da kwanan wata a kowane shafi, ka riƙe kwafi ɗaya. In an ce babu lokaci, to a rubuta maka a takarda cewa an buga ba da ganinka ba. Yakan ce wa yaransa, “Ɗana, wanda ya ƙi rubuta wannan, ya san abin da yake shirin yi.”

Rubutun cikin kumfa kuma a yi shi da baƙar tawada zalla. Aikin launi faranti huɗu ne: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. In ka bar baƙin rubutunka ya zama haɗin huɗun, kuma injin ya goce ko da kaurin gashi, sai kowane baƙi ya fito da inuwa, ƙugiyar ƙ ce kuma take fara cushewa domin ita ce mafi ƙanƙanta.

Kumfa ake fara zanawa, ba fuska ba. Jimlar Hausa sau da yawa ta fi ta Turanci cin wuri, wanda ya zana mutum ya cika gida, wato akwatin hoto ɗaya a shafi, sannan ya nemi inda zai tura magana, ƙarshenta sai ya rufe wa mutumin hula. Wanda ya fara magana shi ne a hagu. In kuwa da ajami ne, kuma akwai masu karatu da yawa a zangon Legas da ajami ya fi musu sauƙi, to komai ya juya: gidaje daga dama zuwa hagu, mai fara magana a dama, bango ma ta ɗaya gefen yake buɗewa. Juya hoton a kwamfuta ba ya isa, domin zai sa mutum ya ci abinci ko ya miƙa gaisuwa da hagu, mai karatu kuwa ba zai yafe wannan ba.

Yana zane a babbar takarda ta A3 don a buga a ƙarama ta A4, wato a rage zuwa kashi 71 cikin ɗari. Ragewar tana ɓoye rawar hannu, amma tana cinye siririn layi, shi ya sa ba ya yarda da alƙalamin da kaurin bakinsa bai kai milimita 0.3 ba, tsawon baƙi kuma milimita 4, ya sauka kusan 3. A bar milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka. Zanen baƙi da fari a yi masa sikanin a ɗigo 600 a kowane inci (dpi), mai launi a 300. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya dole shafukansa su rabu huɗu-huɗu. A mai 16, shafi na 1 da na 16 suke zama tare, na 2 da na 15, kullum jimla 17. Kafin ka biya kuɗin faranti, naɗe farar takarda ka sa lamba ka gwada.

Sauran a taƙaice. Rabin kuɗi kafin fensir ya taɓa takarda. Sa hannunka a cikin zanen, ba a gefen da wuƙa za ta ɗauke ba. Asalin zane naka ne sai in an saye shi daban, kuma kada ya fita ba rasiti. Da damina takardar Legas tana shan laima, tawada ta riƙa yaɗuwa kamar saiwa, don haka a ajiye ta cikin leda, a fitar da wadda za a yi aiki da ita kawai.

Laimar nan ita ce damuwar yanzu. Da aka buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiya, an tarar da fumfuna ta kama shafukan ƙasa, waɗansu sun manne da juna. Kada a ɓamɓare su da ƙarfi, kada a shanya a rana, kada a sa ruwa. A baza su a inuwa inda iska ke ratsawa, in sun bushe a share da buroshi mai laushi, a ɗauki hoton kowanne, sannan a jera da farar takarda a tsakani. Akwai kuma zanensa da yawa da ke hannun masu maɗaba'a da kamfanonin da ya yi wa aiki, har da shafuka 16 na wancan littafin, masu ɗauke da rubutun hannunsa daidai da ƙugiyarsa. Duk wanda yake riƙe da wani abu, don Allah ya mayar wa iyalansa a Agege. Kada a nannaɗe, a sa tsakanin kwali biyu a kawo a shimfiɗe.