Abin da ƙwayoyin polima suka koya mini game da allurar shanu

Duk wanda ya taɓa bin garke ya san wahalar kama saniya kullum don a yi mata allura. Shi ya sa makiyaya ke son antibayotik ɗin nan, oksitetrasiklin, da kowa ke kira LA: allura ɗaya, magani ya kai kwana uku yana aiki. Aikina na digiri na biyu a fannin magungunan dabbobi shi ne neman abin da zai wuce haka, wato a kulle maganin cikin ƙwayoyin polima (wani abu mai kama da roba) 'yan mitsi-mitsi waɗanda ke narkewa a jiki sannu a hankali.

Polimar da aka fi amfani da ita ita ce PLGA, dangin abin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. Ruwan jiki ne ke tsinka ta, ta koma asid na laktik da na gilaikolik, jiki ya sarrafa su ya fitar. In an haɗa su rabi da rabi, takan ruguje cikin wata ɗaya zuwa biyu. In laktik ya kai kashi 75, sai ta ƙara daɗewa. Haɗa ƙwayoyin ba wuya a takarda: a narkar da polima a sinadarin dikloromiten, a kaɗa ta cikin ruwa mai PVA (wani sinadari da ke hana ɗigon polimar haɗewa), a bar dikloromiten ɗin ya ƙafe. Amma magani mai son ruwa irin antibayotik ɗin jentamisin sai ya sulale ya bi ruwan tun ana kaɗawa, ka auna ƙwayoyinka ka tarar kusan holoƙo ne. Wanda ya maƙale a bayan ƙwayar kuma yakan fita gaba ɗaya a ranar farko.

Duk waɗannan ana iya gyara su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen fitar maganin. Akwai ma'aunin da dole antibayotik ya kai a jini kafin ya hana bakteriya haihuwa. Ƙwayar polima kuwa ba ta tsayawa cak. Tana ci gaba da ɗigo makonni bayan ƙarfin ya faɗi ƙasa da wannan ma'auni. Wannan ɗigon ba ya kashe cuta, horar da ita yake yi, kamar mai dukan kare da tsinken tsintsiya. Ga maganin homon (sinadarin da ke daidaita ayyukan jiki) wannan ba babbar matsala ba ce. Ga antibayotik kuwa, hanyar bijirewar cuta ga magani ce aka share.

Sannan ga nono. Muddin magani na fita, saura na shiga madara da nama, kwanakin da za a jira kafin a sha ko a yanka su ƙaru. Matar da ke kai nono kasuwa kowace safiya, wa zai ce mata ta zubar da shi har wata guda? Shi ya sa nake ganin fasahar ta fi dacewa da inda ake sa magani a wuri ɗaya, kamar ciwon ƙashi, ko hantsar saniyar da aka daina tatsa kafin ta haihu.

Zafi ma yana da nasa. PLGA na fara laushi tun daga wajen digiri 45, ƙwayoyin su manne da juna su toshe allura. Rumfar mai sayar da maganin dabbobi a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, ba firji, ba ta da nisa da wannan zafin.