Lissafi da abokin cinikin da ke cikin ƙirji

Dankalin Turawa nake sara ina sayarwa a kasuwar Farin Gada da ke Jos, bayan sallar asuba kuma ina zama a zauren wani malami a Gangare inda ake karanta Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111. Da aka zo babin muraƙaba da muhasaba, wato sa wa kai ido da yi wa kai lissafi, sai na ji kamar da mu 'yan kasuwa yake. Ya ce hankali da zuciya tamkar ɗan kasuwa ne da abokin haɗin jarinsa: da safe ka gindaya masa sharaɗi, da rana ka sa masa ido, da dare ku zauna lissafi. In ya ci amana ka hukunta shi, ka matsa masa, ka yi masa faɗa. Matakai shida ke nan.

Na fara yi bayan isha'i, ido a rufe, ina bin ranar daga farko. Abin da na tarar shi ne, in dai a ka ake lissafin, zuciya ita ce mai ƙara, ita ce alƙali, kuma ba ta taɓa faɗuwa a shari'a. In na riƙe kaya farashi ya tashi, sai ta ce ai dama na sani. In ya faɗi, sai laifin ya koma kan ruwan sama a Bokkos, inda ake noman dankalin, ko direban da ya makara.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jos ne ya kawo abin da ya rage. Ya ce, "Yaya, ka san Darwin, Baturen Ingilan nan? Duk hujjar da ta saɓa wa ra'ayinsa, nan take yake rubuta ta, don ya lura irinta ta fi saurin ɓacewa daga kai." Ba sai ka yarda da mutumin a komai ba kafin ka ari wannan.

Sai na ware shafukan bayan littafin bashi. Kafin in yanke shawara kan kaya, nakan rubuta abin da nake zato da dalilina, da kuma dalili ɗaya mai ƙarfi da ke cewa akasin haka. Wannan na biyun ya fi wuya. Hannu kan yi nauyi. Amma in mako ya zagayo, ga rubutuna da hannuna, babu damar "dama na sani". Akwai wani dillali da na daɗe ina yi wa kallon macuci. Da na riƙa rubuta duk buhun da ya kawo cikakke, layin ya yi tsawon da na kasa musu.

Inda ya fi amfani shi ne jita-jita. Duk wanda ya zauna a Jos tun rikicin 2001 ya san abin da "an ce an fara a wuri kaza" ke iya jawowa. Yanzu in saƙo irin wannan ya shigo WhatsApp, tambayata ta farko ita ce: da a kan mutanena aka faɗi haka, zan yarda ba hujja?

Hukuncin kai na sassauta shi, don tsanani na sa zuciya ta ɓoye laifi ne kawai. Lokacin ma na mayar da shi bayan la'asar, saboda a sanyin Disamba na Jos bargo kan ci lissafin dare.