Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tef ɗin Tela da Tumbi

A makon jiya na tsaya ne a shekarun da na fara aikin jinya a ɗakin duba masu hawan jini da ciwon suga a nan Kaduna. Wannan makon zan ɗan ajiye labarin, saboda abin da ya fi kawo mutane ɗakin nan yana bukatar bayani filla-filla.

Likitoci suna kiransa metabolik sindirom. Alamu biyar ne, wanda ya haɗa uku ya shiga ciki: ƙugu mai faɗi, awon jini 130 a kan 85 ko sama, sugan jini na safe kafin karin kumallo da ya kai 100, kitsen jini mai suna tiraigiliserayid da ya kai 150, sai kitse mai amfani, HDL, da ya gaza 40 ga namiji ko 50 ga mace. Yawanci tushensu ɗaya: kitsen da ya taru a cikin ciki yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsokar jiki, sai suga ya riƙa yawo a jini. Ƙarshen hanyar ciwon suga ne, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu muna wa mai tumbi kirari da "Alhaji, hutu ya zauna." Shi kuwa ba ya jin ciwon komai.

Awon ƙugu ba ya bukatar asibiti, tef ɗin tela ya isa. A tsaya a miƙe, a laluba haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef a tsakaninsu, a saki numfashi sannan a karanta. Namiji kada ya kai santimita 94, wato inci 37. Mace santimita 80, kusan inci 31 da rabi. Kuskuren maza shi ne su faɗi awon wandonsu, alhali wandon a ƙarƙashin tumbi yake zama. Wasu kuma su shanye ciki. A duba bayan wuya ma: baƙi mai kauri da santsi wanda uwa ke ta dirza wa ɗiyarta da soso tana cewa dauɗa ce, sau da yawa alama ce ta jiki ya daina jin maganar insulin.

Gwajin suga kuwa sai an yi awa 8 ba a ci komai ba. Ruwa zalla ba laifi, amma kofin koko ko shayi ya ɓata sakamakon.

Gyaran daga faranti yake farawa. Rabinsa ganye, zogale ko rama ko alayyahu, kwata wake ko kifi, kwata tuwo. Malmala ɗaya ta dawa ko gero ta fi biyu na shinkafa. Lemon kwalba guda yana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali takwas, ga wanda muke zubawa a fura da zoɓo. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa da dunƙulen magi; daddawa tana rage bukatarsa. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ko a Dandalin Murtala da safe ko a layin gida bayan sallar asuba. Mai nauyin kilo 90 in ya sauke biyar zuwa tara, awonsa zai nuna.

Inda aka fi faɗuwa shi ne magani. Mutum ya ga jini ya sauka sai ya ajiye ƙwaya, bai san ita ce ta riƙe shi ba. Metformin, maganin ciwon suga, yakan murɗa ciki a farko. A sha shi da abinci, in ya ƙi a koma wa likita, kada a yanke da kai.

Mako mai zuwa, in sha Allah, zan ci gaba daga azumin farko da na yi a wannan ɗaki.